Ranar da Carbin Alaramma Ya Faɗi

Akwai layi guda a kasuwar Batsari da Malam Badamasi ya daina bi, wato layin mahauta. Ba nama ya daina ci ba, kowa ya san Malam da son balangu, kuma babu mahaucin da ya taɓa yi masa kallon banza. Son da suke yi masa ne ma ya kore shi. Da sun hango rawaninsa sai wani ya miƙa hannu ya ƙara muryar 'yar rediyonsa mai memori, don Malam ya ji cewa har yanzu tafsirinsa na azumin bara suke saurare. Shi kuwa da zarar karatun ya shiga kunnensa sai ya yi kwana ya bi ta wajen masu hatsi, ko da rana ta take tsaka.

Wanda bai san Alaramma Ƙasimu ba ba zai gane dalili ba.

Tafsirin azumi aikin mutum biyu ne: mai jan baƙi ya karanto aya da ka, malami ya warware ta da Hausa. Shekara ta fi ashirin Ƙasimu ne ke ja wa Badamasi baƙi a masallacin unguwarsu bayan la'asar. Gaban malami ɗaya suka yi karatu tun suna samari, sai dai Allah bai yi su iri ɗaya ba. Badamasi ƙato ne mai tumbi da fara'a, in ya fara magana sai an tuna masa rana ta kusa faɗuwa. Ƙasimu kuwa siriri ne, manomi a Babban Duhu ta ƙasar Safana, mai 'yan shanu da rowar magana. In ka gaishe shi zai amsa, in ka ƙara sai ya yi murmushi ya dubi ƙasa. Amma bari ya zauna a kan buzu ya buɗe baki, har masu tallar ƙanƙara a bakin masallaci sai sun yi tsit.

Kowace shekara idan Sha'aban ya kusa ƙarewa sai ga shi a bayan babur, da buzunsa, da gorar man shanu da matarsa Bara'atu ta aiko wa gidan Malam, da wani baƙin carbi da ya gada wajen mahaifinsa, wanda ba ya rabuwa da hannunsa na dama. A ɗakin soron Badamasi yake sauka har Sallah.

Bara da ya sauko daga babur sai da ya dafa bango.

"Kai, Na Duhu, tsufa ne, ko Bara'atu ce ta rage maka tuwo?" in ji Badamasi.

"Barci ne babu, Bada," ya ce. Duk Batsari babu mai kiran Malam da Bada sai shi. "Tun da mutanen dajin nan suka shigo mana da kaka, kunne guda ke barci, guda na gadi."

Badamasi bai ga abin mamaki a nan ba. Daga Ruma har Zakka wa ke barci? Ya sa aka kawo masa fura, aka shiga hirar wanda ya mutu da wanda ya yi ƙaura.

Azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa mutum. A makon farko ana cikin karatu, Ƙasimu ya ɗauko aya ya kai tsakiya, sai ya tsaya. Ba tsayawar numfashi ba ce, Badamasi ya san numfashin abokinsa kamar yadda ya san nasa. Ya waiwaya ya ga leɓɓansa na motsi amma babu abin da ke fita. Kafin jama'a su farga ya jawo makirufo ya ce, "To, Alaramma ya tsayar da mu a nan don ya san akwai magana," ya shiga labarin masu tauye mudu har aka yi ta dariya, masu hatsi na sunkuyar da kai. Da ya juyo ya ce, "Ja, Alaramma," murya ta fito garau kamar ba a yi komai ba.

Ƙishirwa ce, in ji Ƙasimu da aka tashi. Badamasi ya yarda, don yana son ya yarda.

Ba a jima ba abin ya dawo, sannan ya sake dawowa. Kuma mutumin da ya saba kwana tilawa yanzu daga sallar asuba sai ya miƙe a tabarma, hantsi ya yi ya wuce yana kwance kamar wanda ya yi noman gayya shi kaɗai. Wata rana da magariba suna buɗa-baki su biyu a soro, kofin kunun tsamiya ya zame daga hannunsa ya kife a kan tabarma. Suka zuba wa kunun ido yana bin saƙar tabarmar.

"Ƙasimu," Badamasi ya ce a hankali, "mantuwa ce ta fara kama ka? In ita ce ba abin kunya ba ne, sai mu riƙa bita da safe."

"Ina ma ita ce," in ji Ƙasimu. "Ayar tana nan a ƙirjina, Bada, cif, babu wasalin da ya ɓace. Ina ganinta kamar a allo. Amma in na aiko ta sai ta iske harshen kamar na wani ne aka ba ni aro. Hannun nan ya yi nauyi, kamar na kwana a kanshi. Can kuma sai a sake ni. In an sake ni sai gajiya, kamar an yi mani duka."

"To gobe sai mu leƙa asibiti."

"A'a."

Yadda ya ce a'ar nan, Badamasi bai taɓa jin irinta a bakinsa ba. Ƙasimu ya ɗaga baƙin carbin ya nuna masa.

"Ka san mai wanga carbi. Amma ba ka san ƙarshenshi ba, lokacin kana Zariya."

Mai carbin shi ne Gwani Tayyib, mahaifin Ƙasimu, wanda a zamaninsa ake tasowa daga nesa don jin karatunsa. Wata safiya aka iske bakinsa ya karkace, bai sake furta ko kalma ba. Ya yi shekaru a zaure, Ƙasimu na goge masa yawu. Ciwon da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Mutane suka ce Alƙur'ani ba ya gudun mutum haka kawai, sai in akwai abin da ya yi a ɓoye. Wasu suka ce ya yi wa ɓarayin shanu rubutu, wasu suka ce alkawari ya karya da mutanen tsamiyar bayan gari, suka ɗaure masa harshe. Waɗanda ya koya wa baƙi da wasali su ne ke wucewa ta ƙofar gidan suna nuna shi da baki. Mutumin da bai taɓa cin ko goron wani da zalunci ba.

"Shina jin su," in ji Ƙasimu. "Kunnenshi lafiya lau. Shina jin su, ba shi da bakin da zai ce ƙarya kuke. Kwanan nan in na rufe ido shi nake gani zaune bakin ƙofar can, shina kallona." Ya nuna ƙofar soron da haɓa. Badamasi ya waiwaya ba da son ransa ba, babu komai sai labule. "In aka gan ni a mota an nufi Katsina da ni ana tsakiyar tafsiri, kafin mu kai, Ruma ta ji, Babban Duhu ta ji: abin gidansu ya tashi. Ka rufa mani asiri har mu rufe karatu. Bayan Sallah ka kai ni duk inda kake so, a ce ganin gida muka tafi."

Badamasi ya so ya yi gardama, amma wannan ne karo na farko a rayuwarsu da Ƙasimu ya roƙe shi wani abu. Ya ba shi hannu. Har alama suka yi a tsakaninsu: in Ƙasimu ya ji abin na tahowa, zai ajiye carbinsa a gabansa, Badamasi kuwa ya karɓe magana har sai ya ga an ɗauki carbi.

Dabarar ta yi aiki, wannan shi ne abin takaicin. Badamasi gwanin cike gurbi ne. Da carbi ya sauka sai ya ɓalle da labari, ko ya tsokani mahauta, ko ya amsa tambayar da babu wanda ya yi. Mutane har cewa suke tafsirin bana ya fi na kullum armashi. A gida kuma ya tsaya wa abokinsa da zuma da habbatussauda, ya yi masa rubutu ya wanke da hannunsa, ya sa aka riƙa dama masa fura mai kauri da sahur. Duk abin da ya sani ya yi.

Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Yana da ɗiya, Rahma, nas ce, tana aure a nan cikin gari, takan biyo ta gaishe shi in ta taso daga aiki. Wata rana bayan sun gama gaisawa, ta tambayi azumi, ya tambayi maigidanta da yara, sai ya ce yana duban wani waje:

"Af, wani mutum ne a ƙauye ya aiko a tambaye ni. Wai maganarshi ce ke ɗaukewa, ta ɗan jima ta dawo. Ga kasala. Mi ke kawo haka?"

"Abubuwa da yawa, Baba," ta ce. "Mai azumi a zafin nan, suga na iya sauka, ko ruwan jiki ya ƙare. Ƙarancin jini ma na sa kasala. Akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum, sai dai ya yi shiru na ɗan lokaci. Wanda ya ga tashin hankali ma, firgici kan riƙe masa harshe."

Badamasi ya ji sanyi a ransa. Azumi, zafi, firgici, ai duk Ƙasimu na da su.

"Amma hannunsa fa?" ta ce. "Yana mutuwa? Bakinsa na karkacewa?"

"Hannun... an ce yakan yi nauyi."

Ta ajiye jakarta. "Baba, in haka ne a kai shi asibiti yau, ba gobe ba. Yawanci jijiyar jini ce a kai ke toshewa ta buɗe. Sallama ce shanyewar ɓarin jiki ke yi kafin ta shigo. Wane ne?"

"Ba ki san shi ba. Ya ce sai bayan Sallah."

"Irin wannan ba ya jiran Sallah. Ku ba ni shi a waya ni in yi masa magana."

Mutumin yana bayan bangon nan, yana kwance, da Rahma ta ɗaga murya kaɗan ma zai ji. Badamasi ya buɗe baki, sai ya tuna hannun da ya bayar. Ya ce zai isar da saƙo. Ya kuwa isar, a ranar, har da faɗa. Ƙasimu ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Saura kaɗan, Bada. Goman ƙarshe muke. Ko ka gaji da ni ne?"

Ranar da abin ya faru masallaci ya cika har waje, an shimfiɗa tabarmi a titi, mata na bayan katanga suna ji ta lasifika. Samari sun jera wayoyi a gaban malaman suna ɗauka. Ƙasimu ya fara ja, muryarsa a ranar kamar ta shekarun da, har tsigar jikin mutum na tashi. Ya shiga ayoyin haƙuri a kan tsoro da yunwa da asarar rayuka. Yana tsakiya sai Badamasi ya ji ƙarar carbi a kan siminti, kacau.

Bai ko waiwaya sosai ba. Carbi ya sauka, nasa ne. Ya jawo makirufo, kuma da yake ayar ta buɗe masa ƙofa, sai ya shiga maganar da kowa ke ɗauke da ita a ciki ba ya faɗa. Ya yi maganar waɗanda aka kora cikin daji da igiya. Ya yi maganar uwar da har yau take zuba tuwon ɗanta a kwano ta rufe, ko zai shigo. Ya yi maganar gonakin Ruma da ciyawa ta cinye, da dattijon da ya binne 'ya'yansa da fartanyar da ya saya masu. Da wutsiyar ido ya ga carbin na nan a ƙasa, sai ya ƙara. Ya sake dubawa, yana nan, kan Ƙasimu a sunkuye, jelar rawaninsa ta rufe masa gefen baki. Sai ya ƙara. Bai taɓa magana irin ta ranar ba, kalmomi na zuwa masa kamar ana miƙo masa su. Wani mahauci ƙato a sahun gaba ya fashe da kuka kamar yaro. Daga bayan katanga aka ji sheshshekar mata. Shi kansa Badamasi hawaye ya jiƙa masa gemu, kuma a faɗi gaskiya, a ƙarƙashin hawayen akwai daɗi. Ya ji daɗin yadda ya riƙe garin nan gaba ɗaya a tafin hannunsa.

Sai can, bayan lokaci mai tsawo, ya ga hannun hagu ya lallaɓo ya ɗauki carbin. "Ja, Alaramma," ya ce. Murya ta fito, a dushe, a hankali, ta kai ayar ƙarshenta. Aka shafa addu'a.

Jama'a suka yi masa caa. Wannan ya kama hannu, wancan ya ce Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Wani attajirin 'yan hatsi ya rantse sai Malam ya yi buɗa-baki a gidansa, aka sa shi a mota. Ta taga ya hango Ƙasimu na tafiya gida a gefen katanga, buzu a hammata, yana jan ƙafa kaɗan. Ya ce a ransa gobe ko da ɗauri sai ya kai shi asibiti. Da ya dawo bayan asham ya leƙa ɗakin soro ya ji numfashin mai barci, sai ya ja masa ƙofa.

Da sahur aka kai abinci, aka buga ƙofa, shiru, aka ce gajiya ce a bar shi ya huta. Bai fito asuba ba. Sai da gari ya waye tangaran Badamasi ya tura ƙofar. Yana kwance a ƙasa tsakanin tabarma da buta, ido buɗe, bakin ya koma gefe guda, hannun dama a yashe kamar ba nasa ba. Idon nan ya kafe Badamasi, sak irin kallon da Ƙasimu ya ce mahaifinsa na yi masa daga bakin ƙofa.

Daga asibitin gari aka tura su Katsina. Rahma ce ta zauna a bayan mota ta riƙe masa kai. Bayan an yi hoton ƙwaƙwalwa, likita ya kira Badamasi gefe, Rahma na tsaye.

"Baba, jininsa ya hau sosai, kuma da alama ya daɗe a haka. Gudan jini ne ya toshe jijiya a ɓangaren da ke riƙe da magana. Kafin yau, ya taɓa yi masa ko na ɗan lokaci? Magana ta ɗauke ta dawo, ko hannu ya mutu ya farfaɗo?"

"Ya yi," in ji Badamasi.

"Sau ɗaya?"

"Tun farkon azumi yake yi."

Likitan bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai gyaɗa kai ya ce waɗancan ƙananan su ne gargaɗin, kuma da yawa in aka zo a lokacinsu, da maganin hawan jini da na tsinka jini ana kauce wa babban. Ya ce yanzu sai gashin ƙashi da haƙuri, wani abin kan dawo, wani ba ya dawowa. Rahma ta dubi mahaifinta, ta gane wane ne mutumin ƙauye. Ta je ta ɗebo masa ruwan alwala.

Ƙafa ta ɗan dawo. Magana ba ta dawo ba. Da aka sallame shi ba a mayar da shi Babban Duhu ba, don wanda ba ya iya gudu ba ya kwana can. Aka kai shi cikin garin Safana, gidan ƙanen Bara'atu. Kuma abin da ya ji wa tsoro bai fasa zuwa ba: kafin a yi hawan idi an riga an ce abin gidansu ne ya tashi, har da masu ƙara gishiri. Asirin da Badamasi ya rufa bai kai ko Sallah ba.

Karatun ranar kuwa ya bazu. Daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori, har direbobin hanyar Katsina na sa shi a mota. Ana kiransa wa'azin daji. Da farko Badamasi kan ji kunya kawai in ya ji shi, irin kunyar wanda aka yaba wa a kan abin da ya san dalilinsa.

Da damina ta sauka ya hau babur ya tafi Safana duba abokinsa. Ya iske shi a zaure a kan kujerar roba, an yi masa aski, an sa masa farar riga, carbin na hannun hagu. Ya rame, ya koma kamannin mahaifinsa, tsohon da Badamasi ya sani a da, har sai da ya ji tsoron zama kusa da shi. Bara'atu ta zo bakin ƙofar cikin gida ta durƙusa, suka gaisa, ta tambayi iyali, ya tambayi mai jiki da ruwa da baƙunta, ta ce sai godiya.

Badamasi ya yi abin da ya iya, wato surutu. Ya ba shi labarin kasuwa, ya tsokane shi cewa yanzu ya samu dalilin rowar maganar da ya daɗe yana nema. Gefen bakin Ƙasimu mai rai ya ɗan motsa. Sannan ya ɗaga hannu ya nuna matarsa, ya nuna kunnensa.

"Wayar yake so," in ji Bara'atu. "Allah gafarta Malam, karatunku na ƙarshe ne. Kullum sai an sa mashi. In an zo wani wuri sai ya jawo ta kunnenshi, ya yi ta nuna mani, ni kuwa kunnena ya tsufa, ban jin komai sai wa'azi. Halan ku kun gane abin da yake so."

Ta kunna ta miƙo. Muryar Ƙasimu ta cika zauren, garau, mai ita na zaune yana kallon bango. Aka zo tsakiyar ayar. Kacau. Badamasi ya miƙa hannu zai kashe, don ya san abin da ke biye. Ƙasimu ya cafke masa wuyan hannu, da ƙarfin da ba a zaci yana da shi ba, ya tura wayar har ta manne da kunnen Badamasi.

Da farko muryarsa kawai ya ji, tana tashi tana sauka, uwa da kwanon tuwo, gonakin Ruma. Sannan ya ji wata aba a ƙarƙashinta. Wayar da ta ɗauki wannan karatun a gaban Ƙasimu aka ajiye ta, kusa da gwiwarsa. Wata 'yar murya ce, siririya, a murɗe, kamar mai magana da ruwa a baki.

"Ba... da."

Wa'azi ya ci gaba a kanta. Ta sake fitowa.

"Bada. Ba... da."

Ta yi ta zuwa, a tsakanin jimla da jimla, a ƙarƙashin kukan mahauci, a ƙarƙashin salatin jama'a. Tun daga faɗuwar carbi har kusan ƙarshe kiransa yake yi. Sai a lokacin Badamasi ya tuna cewa duk sauran ranakun Ƙasimu a kan buzu yake ajiye carbin, a hankali, babu ko motsi, don carbin mahaifinsa ne, ba ya yar da shi. Ranar nan ba ajiyewa ya yi ba. Hannun ne ya mutu ya sake shi. A ranar ya fasa alkawarin da kansa, ya haƙura da asirin, taimako yake nema a gaban duk garin, kuma tsakaninsa da abokinsa bai fi kamu biyu ba.

Baƙin ciki ya rufe Badamasi, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya binne mahaifiyarsa. Ya dubi Ƙasimu yana neman fushi a fuskarsa, don fushi zai fi sauƙin ɗauka. Babu fushi. Kallon mutumin da ya daɗe yana sallama a ƙofa ne, yana jiran a amsa.

Mai bakin da ba ya gajiya ya sauko daga kujera ya durƙusa a ƙasa, ya riƙe hannun nan da ya mutu.

"Na'am," ya ce. "Na'am, Ƙasimu. Ga ni."

Ƙasimu ya saki wuyan hannunsa, ya lumshe ido. Bara'atu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta koma ciki.

Shi ya sa Malam Badamasi ba ya bin layin mahauta. Su wa'azi suke ji, suna girgiza kai suna cewa Allah ya yi wa Malam baiwa. Shi kuwa tun ranar nan ta Safana kunnensa ya daina jin wa'azin. Ko daga nesa ne, ko cikin hayaniyar sara da ciniki, 'yar muryar nan kaɗai ke isowa gare shi, daga wannan rumfa, daga waccan, daga motar da ta wuce. Abokinsa na kiransa, shi kuma yana ta magana.